Kwamanda Mansir Ya Kama Wuri

Duk Zongon Kwatano babu wanda ya kai Mansir sanin jirgin sama, kuma babu wanda ya taɓa ganin ya hau. Sana'arsa gwanjo ce a kasuwar Missèbo. Wata rana ya fasa dila sai ya ci karo da wata baƙar kwat mai ratsin zinare a kafaɗa, irin ta matuƙan jirgi. Maimakon ya sayar sai ya zura abarsa. Ta yi masa tsawo a hannu, ta matse shi a tumbi, ya ce ai ɗinkin ke nan. Tun daga ranar aka laƙaba masa Kwamanda, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

A teburin Abdulwahid mai shayi yake baje kolin iliminsa. Da zarar jirgi ya gifta sai ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Wannan na Faransa ne. Direban sabon hannu ne, ba ku ji yadda yake sa giya ba?" Jama'a su ce, "Sai Kwamanda!" Shi kuma ya kurɓi shayin da wani zai biya.

'Ya'yansa uku duk mata: Asiya mai shekara bakwai, Mas'uda mai biyar, da auta Oumayma. Yana son su, amma abu ɗaya ke ci masa rai. Tun da mahaifinsa Maharazu ya rasu ya ɗauki alkawarin duk ranar da Allah ya ba shi namiji zai mayar da sunan tsohon. Wannan kaɗai ne maganar da Mansir ke yi ba tare da ƙari ba.

Sai ga shi matarsa Sa'adiya, wadda ta tafi haihuwa gidan iyayenta a Abijan saboda cikin ya ba ta wuya, ta sauka lafiya, namiji. Mansir ya kira surukinsa, Malam Abdulƙahar, ya ce a yi wa yaro huɗuba da Maharazu.

Malam ya ce, "Ba a yi mini suna ta waya. Shekara nawa kana cewa gobe kana tafe? An yi aure a gidan nan ba ka zo ba, an yi rasuwa ba ka zo ba. Ka zo da ƙafarka, da jikokina, da rago. In aka shafa fatiha ranar Asabar ba ka kan tabarma, ni zan raɗa wa yaro sunan da na ga dama."

"Baba, ai kamar na zo ne."

"Kamar ba ta zama a tabarma," in ji Malam, ya kashe waya.

Da labari ya iso teburin shayi, Zaharadeen direba ya yi masa tayi. Shi ne ke jan doguwar motar Abijan, kuma shi ne mutumin da Mansir ya fi rainawa a Zongo. Kunkuru yake kiransa.

Zaharadeen ya ce, "Laraba zan tashi. Ka zo da yaran, ba sai ka biya ba. Juma'a da hantsi muna Abijan."

Mansir ya yi dariya har da buga tebur. "Ni? Kwana biyu ina shan ƙura a akwalarka? Ƙasa ta dabbobi ce da irinku. Ka ɗauki ragon, shi ne sa'anka. Ni Juma'a da la'asar zan tashi, kafin magariba ina cin tuwon surukai."

"Tafiya sannu-sannu dai kwana nesa," in ji Zaharadeen.

"Kwana nesa kuwa, tunda a boda kake kwana."

Zaharadeen ya shanye shayinsa ya tashi. Ranar Laraba ya ɗaure rago a bayan mota ya kama hanya.

Mansir kuwa ya sa kwat ya nufi unguwar Ganhi, ya shiga ofishin wani kamfanin jirgi da aka ce arahar tikitinsa ta fi ƙarfin hankali. Ya tarar da Nafissatou, 'yar Zongo ce, ta san shi sarai.

Ya ce, "Biye ɗaya za ki ba ni, tikiti ɗaya tal. Yaran a cinya za su zauna."

"Kwamanda, cinya nawa gare ka?"

"Biyu. Autar a wuya."

"Ba a yin haka a jirgi. Kowa da kujerarsa."

"To rage mini. Mutum huɗu fa, sari ne."

Ta ce ba a ragi. Ya tashi ya yi kamar zai fita, irin ta masu ciniki, ya kai bakin ƙofa yana jiran a kira shi. Ba wanda ya kira shi. Ya dawo ya zauna, ya biya yana huci. Nafissatou ta shiga yi masa bayani: wannan tikitin araha ne, ba kaya sai ƙaramar jaka ɗaya a hannu, ba abinci, wanda jirgi ya bari kuɗinsa sun tafi, kuma wani jirgin sai Talata. Mansir ya ɗaga mata hannu.

"Yarinya, tun kina goye nake harkar jirgi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zongo ta yi rakiya irin wadda ba a yi wa mahajjata ba. Zem, wato 'yan acaɓan Kwatano masu rawayar riga, sun fi goma a jere. Na gaba ya ɗauki Mansir da Oumayma, na biyu Asiya da Mas'uda, biyu kuma sun ɗauki buhunan kayan suna: atamfofin mai jego, kayan jariri, da rigunan sanyi na gwanjo da ya zaɓa wa surukai, ko da yake ba wanda ya taɓa jin an yi sanyi a Abijan. Tabawa mai waina, maƙwabciyarsu, ta cika masa jarka da zoɓo, ta ƙulla yajin jego a babbar leda, ta haɗa da kilishi ta ce a kai wa Sa'adiya. Mansir ya cusa ledar a 'yar jakar bakko tare da wani agogon tebur na gwanjo, tsarabar Malam, mai tafiya ƙas-ƙas-ƙas kamar ana sara itace.

A ƙofar filin jirgi aka tsayar da 'yan rakiya. Mansir ya juyo ya yi musu jawabi.

"Ku tsaya can bakin shinge. In jirgi ya ɗaga ku duba taga ta hannun dama, kusa da direba. Zan sa ya yi muku hon."

Ya shige da 'ya'yansa yana jan buhu, kafaɗa sai ƙyalli take yi.

Matar da ke kan sikeli ta dubi buhunan, ta dubi tikiti, ta yi magana da Faransanci. To Faransancin Kwamanda bai wuce "wi" da "dakor" ba, sai ƙirgen kuɗi. Ya ce, "Wi, dakor." Ta rubuta kuɗin kaya a takarda ta miƙo masa. Nan fa ya gane yaren. Abin da ta rubuta ya fi kuɗin kayan da ke cikin buhun har da buhun.

"Kai! Sayar mini da kayana za ku yi? A ɗora a saman jirgi mana, a ɗaure da igiya!"

Wani fasinja Bahaushe da ke bayansa ya ce, "Malam, ko ka biya ko ka bar kayan. Abin da ke jikinka kaɗai ne ba sa aunawa."

Mansir ya dubi buhunan, ya dubi yaran. Sai murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Abin da ke jiki ba sa aunawa?"

Ya ja buhunan gefe ya zazzage a tsakiyar zaure. Wanda ya shekara ashirin yana cusa dila ba za a koya masa cusa yaro ba. Asiya ta sha riga bakwai da wando huɗu, aka rufe da rigar sanyi mai gashi. Mas'uda ta sha nata har hannuwanta suka ƙi sauka, suka tsaya a miƙe kamar za ta tashi ba jirgi. Oumayma kuwa sai da ta koma dunƙule, hular jariri uku a kai, ido kawai ake gani. Shi kansa ya naɗe atamfa shida a ciki, ya ja kwat ta ƙi haɗuwa, ya bar ta a buɗe. Ya koma wurin sikeli da jakar bakko ɗaya tal, ya ajiye tikiti yana taƙama. Matar ta leƙo ta dubi yaran, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta duba, sannan ta buga hatimi tana goge hawaye.

"Kun gani?" in ji Mansir. "Ilimi ke nan."

"Baba, zafi," in ji Mas'uda.

"A sama sanyi ake yi. Za ki gode mini."

A wurin bincike aka ƙwace jarkar zoɓo. Jami'in ya nuna kwandon shara. Mansir ya ce wallahi ba za a zubar da zoɓon Tabawa ba, almubazzaranci ne, ga shi kuma an ce ba abinci a jirgi. Ya tsugunna a gaban layi ya jera yaran. Da ma gumi ya gama da su, suka kafa kai. Asiya ta sha, Mas'uda ta sha, Oumayma ta sha har tana shaƙuwa, shi ya ƙarasa sauran ya kife jarkar a gaban jami'in don ya ga ba a bar ɗigo ba. Masu layi suna ta tsaki da yare kala-kala.

Da aka zo laluben jiki, jami'in ya danna cikin Mansir ya ji ba ciki ba ne. Ya kama bakin atamfa ya ja. Mansir ya shiga juyawa, jami'in na ja, shi yana juyawa, har atamfa shida suka taru a ƙasa, jiri ya kwashe shi ya dafa wata Baturiya. Da aka ga zane ne kawai aka ce ya kwashe. Ya sake naɗewa daga farko, Asiya na riƙe masa baki ɗaya. Ledar yaji kuwa wata jami'a ce ta buɗe, ta sunsuna, ta yi atishawa, ta ce ita ma ta yi jego, ta ɗaure masa ta ce ya wuce.

Ikon Allah, sai ga su a zauren jiran jirgi, da sauran lokaci. Ta gilashi ana hango jirgin a tsaye. Mansir ya zaɓi kujerun da suka fi kusa da ƙofa ya zauna yana numfashi. A ransa har ya ga kansa a kan tabarmar Malam, ana cewa sunan yaro Maharazu, ya ji ƙwalla ta taho masa.

"Baba, fitsari."

Mas'uda ce.

"Riƙe shi. Akwai banɗaki a jirgi."

"Baba, ni ma," in ji Asiya.

Oumayma kuwa sai rawa take yi a tsaye, kuma duk uban da ya yi reno ya san wannan rawar.

Mansir ya dubi ƙofa, ya dubi jama'a. Mutane sun fara taruwa, in ya tashi za a cinye masa gaba. To amma shi ɗan tasha ne tun yana yaro, ya san doka. A tasha in za ka zagaya sai ka ajiye jakarka a kujera, ka ɗora hula a kai. Daga nan wuri ya zama naka, ko gwamna bai isa ya zauna ba, mota kuma ba ta tashi ta bar mai hula. Ya ɗora jakar bakko a kujera, ya gyara mata zama, ya cire hularsa ya kifa a kai. Ya ce wa wani mutum mai karanta jarida, "Ga wurina nan." Mutumin ya dube shi bai gane ba. Mansir ya ce, "Dakor," ya tasa yaran gaba.

A banɗaki ne ya gane cusawa ta fi cirewa sauƙi. Wandon Mas'uda na waje zif ɗinsa ya cije. Na biyu maɓalli ne irin na Turawa, a baya. Na uku igiya ce da shi da kansa ya yi wa ƙullin buhu. Yana fama da haƙori, Asiya na kuka a ƙofa ta ce ita ba za ta shiga na maza ba, Oumayma kuwa ta daina rawa, ta tsaya cak da fuskar wadda ta huta. Ya duba ƙasa. Wando biyar na tsarabar surukai sun tafi a lokaci ɗaya.

Lasifika ta yi magana. Ta sake yi, da ƙarfi.

Asiya, wadda ke aji biyu a lakkwal, makarantar boko, ta ce, "Baba, suna cewa mai jaka ya zo."

"Jakar wa? Mutum nawa ne da jaka a nan? Riƙe mini rigar nan."

"Sun ce jaka mai hula."

"To! Kin gani? Sun ga an kama wuri, suna sanar wa jama'a kada a zauna. Ɗaga ƙafa."

Ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke Oumayma a wurin wanke hannu, ya matse wanduna, sannan ya sake mayar musu da komai, don ba zai bar ko safa ɗaya ba. Da suka fito sai ya ga zaure fayau. An kora fasinjoji can ƙarshe, an ja jan kirtani, jandarmomi sun yi da'ira. A tsakiya ga jakarsa zaune da hula, ita kaɗai, tana ƙas-ƙas-ƙas.

Mansir ya ce, "Kun ga girma? Har da masu gadi."

Wani jandarma ya matso da ƙaton kare. Kare ya sunsuna, ya ji kilishin Tabawa, ya manta duk horon da aka yi masa, ya kafa kai cikin jakar. A daidai nan agogon Malam, wanda ba ya bugawa sai ya ga dama, ya ga dama. Ƙirrrrr! Jandarmomi suka zube a ƙasa, fasinjoji suka yi kururuwa, kare ya zabura da leda a baki ya girgiza ta. Ledar ta fashe a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Yajin jego na Tabawa ba na wasa ba ne, barkono da citta da masoro ne aka daka don su ta da mai jego. Kafin ka ce kwabo ya gama zaure. Kare ya fara atishawa, jandarma ya karɓa, Baturiyar ɗazu ta ɗauka, mai jarida yana yi yana neman tabaransa. Mansir ya tsallake kirtani yana ihu.

"Kai! Karen wa ne wannan? Najasa a kan hulata! Atsha! Wurina ne, na kama!"

Mutum huɗu suka danne shi. Ba su ji wuya ba, shi ma bai ji ba, atamfa shida ta tare.

A ofis aka samo wani jandarma mai jin Hausa. Yana hawaye yana tambaya.

"Kai matuƙi ne? Wane kamfani?"

"Missèbo."

"Me ya sa ka bar jaka?"

"Ban bar ta ba, ranka ya daɗe. Na sa hula."

"Ba ka ji ana kira ba?"

"Ina cire wando."

Jandarman ya fassara wa babbansu. Babban ya dubi yara uku da suka kumbura a kan benci suna atishawa, ya dubi kwat, ya dafe kai. Ana cikin haka sai ginin ya ɗauki rugugi. Mansir ya miƙe zumbur ya leƙa taga. Jirgin ne ke gudu a kan titinsa.

"Ku tsai da shi! Bai cika ba! Akwai mutum huɗu! Hulata na ciki... a'a, hulata na nan, amma na kama wuri!"

Jirgi ya ɗaga hanci ya yi sama abinsa.

A bakin shinge kuwa Zongo ta kaure da sowa. Abdulwahid na kaɗa tawul, 'yan zem na danna hon tunda jirgin bai yi ba, Tabawa ta rantse ta hango kwat a taga ta dama. "Ga shi can! Kwamanda, a gai da mai jego!" Suna nan suna ɗaga hannu har jirgi ya zama ɗigo, suka tsaya sayen rake suna taɗin yadda ya ɗago musu hannu. Sai suka ji atishawa a bayansu.

Suka juya. Ga Mansir tsakanin jandarmomi biyu, ba hula, ido jajur, atamfa na jan ƙasa, ga 'yan dunƙule uku na biye da shi.

Tabawa ta riƙe baki. "Kwamanda! Har ka dawo? Lallai jirgi akwai sauri."

"Direban ne sabon hannu," in ji Mansir. "Na ƙi yarda da shi. Atsha!"

Oumayma ta ce, "Kare ya cinye kilishi."

Ya nemi motar da za ta kai shi kafin safiya, aka ce sai dai in ta yi fiffike. Ya kira Malam, ba a ɗauka ba.

Washegari da hantsi ya fito teburin shayi ba kwat, don zaman ɗaki ya fi fitowar ciwo. Jama'a sun cika benci fiye da kullum, kowa ya yi kamar shayi ya kawo shi. Waya ta yi ƙara. Ita ma ta gwanjo ce, ba ta magana sai a lasifika.

Muryar Malam Abdulƙahar ta fito tar. "Mansir, an shafa fatiha. Rago ya iso tun jiya, lafiya lau."

"Baba, wallahi na taho. Na shiga har ciki. Ku yi wa Allah, sunan mahaifina..."

"Na tambaya ina uban yaro, shiru. Na ce to wa ya zo daga Kwatano? Mutum ɗaya ya miƙe, riƙe da igiyar rago, ƙafarsa duk ƙura. Na ce wanda ya zo shi ke da suna. Allah ya raya Zaharadeen."

Ba wanda ya yi dariya. Mansir ya ji abin har cikin ƙashinsa, don duk ƙaryar da ya yi a duniya bai taɓa yi wa tsohonsa ba sai wannan.

Sai wata murya ta karɓi wayar. "Kwamanda, Kunkuru ne. Takwarana na gaishe ka. Kamarku ɗaya, sai dai shi ba ya surutu."

Wayar ta mutu. Can sai ga jirgi ya gifta ta saman masallaci. Duk teburin aka ɗaga kai, sannan aka juyo ana duban Mansir.

Abdulwahid ya ce, "Kwamanda, wannan na ina ne?"

Mansir bai ɗaga ido daga kofinsa ba. "Ban sani ba." Ya juya cokali. "Ƙarfe nawa motar Abijan ke tashi?"

Tabawa ta juya wainarta a tanda ta ce, "Sai ta cika, Baban Zaharadeen."